Tsohuwar da Ta Sa Mini Suna Ajuji

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Iya ta tafi. Kakata ce, ita ta haifi Baba da Baffa da Gwaggo, kuma ita ta sa wa rabin mutanen ƙauyenmu na yankin Zoza suna. Sauran rabin baƙi ne, ko kuma an haife su ranar da ta tafi unguwa.

Ta rasu da hantsi, cikin kaka, ana tsaka da cirar gyaɗa, bayan 'yar jinyar da ta kwantar da ƙafafunta amma ta kasa kwantar da bakinta. Kafin azahar gidanmu ya cika har kaji sun rasa wurin taka ƙasa. Ni ina zaune a ƙofar ɗakinta, domin a ɗakin na tashi, a kan gadonta nake kwana tun da aka yaye ni. Idona ya kumbura kamar an yi mini harbin zuma, amma kunnena yana aiki, don shi bai san makoki ba.

Gwaggo ce ta fara isowa daga Kwanyawa, inda take aure. Tun daga zaure muke jin muryarta. Ba ta ce ta yi rashin uwa ba, ba ta ce ta zama marainiya ba. Abin da take ta maimaitawa shi ne, "Wa zai sake kira na Delu? Jama'a, wa zai sake kira na Delu?" Mata suna ba ta haƙuri, suna cewa ta yi salati. Ta yi salatin, ta share hawaye, ta ce, "Maigidana 'ke' yake ce mini, 'ya'yana Umma suke ce mini. Mutum ɗaya ce ta rage mai kira na da wannan suna, ga ta can an rufe."

Da la'asar wani dattijo ya zo a mota daga Rogo Sabon Gari, babbar riga tana jan ƙasa, gemu fari fat. Ya yi sallama ya shigo cikin gida don ya yi wa mata gaisuwa. Ya durƙusa, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa. Mata suka dubi juna. Ya ƙara da sunan unguwarsu. Shiru. Sai ya ɗaga hannun hagu ya nuna wani ɗan tabo a gefen ƙaramin yatsa, ya ce, "Ni ne fa Cindo."

Tsakar gida ta ɗauka gaba ɗaya: "Au! Cindo! Kai ne ka zama haka?"

Da yatsa shida aka haife shi, Iya ta ba shi sunan masu yatsa shida. Mutumin nan da na tabbata a ofis ɗinsa sai an cire takalmi ake gaishe shi, ya zauna a kan turmi ya yi kuka kamar an ƙwace masa alewa.

Mutum ɗaya ce ba ta yi kuka ba. Matar Baffa, wadda muke kira Inna Ƙarama, tana zaune a lungun rumfa da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe. Sau biyu ta haihu, sau biyu aka ɗauki jariri a tabarma aka fita da shi kafin ya yi arba'in. Da na kai mata ruwa ta riƙe mini hannu ta ce a hankali, "Ajuji, Iya ta ce fa za ta jira shi. Ta ce ita za ta sa masa suna."

Na ajiye mata ruwan na koma ƙofar ɗakin Iya.

Bari in yi bayani, don na san akwai 'yan birni masu karatu. A wurinmu yaro suna biyu gare shi. Akwai na yanka, wanda uba yake zaɓa, liman ya raɗa ranar suna, a yanka rago. Wannan Iya ba ta taɓa sa baki a ciki ba. Takan ce, "Wancan na masallaci ne da takardar makaranta. Nawa na shiga ɗaki ne." Nata shi ne wanda ake kiran mutum da shi ya zo ya ci tuwo, kuma shi ne yake manne wa mutum kamar ƙaya a zanen ulu.

Ba ta taɓa tanadin suna kafin haihuwa. In mai ciki ta tambaye ta, sai ta ce, "Kin taɓa ganin an ɗinka wa baƙo riga ba a ga tsawonsa ba? Yaro da kayansa yake zuwa. Dubawa ake yi." In an haihu, sai ta ɗaura ɗankwali, ta ɗauki sandarta, ta je ta zauna. Ta dubi sama, ta dubi gida, ta tambayi yau wace rana ce, su wa aka haifa kafin wannan, me ake yi a gona. Wanda ya faɗo ana tsuga ruwa ya zama Anaruwa. Namijin da ya biyo bayan mata ya zama Tanko. Macen da ta biyo bayan maza, kamar Gwaggo, ta zama Delu ko Kande. Mai bin tagwaye Gambo ne, ko yana so ko ba ya so. Wanda ya daɗe a ciki har uwar ta fara tunanin ko ya gina ɗaki ne, shi ne Shekarau. Ƙanena da aka haifa da asuba ta sa masa Sammako, kuma wallahi wannan ne sammakonsa na farko da na ƙarshe a duniya. Yanzu sai rana ta dafa masa ƙeya yake tashi.

Abin da ba ta iya haɗiyewa shi ne yayin da ake yi yanzu, kowace yarinya Ummi, kowane yaro Abba. Wata rana muna zaune a ƙofar gida ta ce, "Zo ki ga abin mamaki." Ta ɗaga ƙuli-ƙuli ɗaya sama ta ƙwala kira, "Ummi!" Yara mata suka ɓarko daga kowane lungu, har da wata da ake yi wa kitso, rabin kai a tsefe. Ni dai na daina ƙirga da na ga ƙura ta tashi. Iya ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta jefa ƙuli-ƙulin a bakinta, ta ce, "Ban san wacce na kira ba." Daga baya ta aike ni na ɗebo musu gyaɗa, don ita muguntarta ba ta kwana.

Tana da wata ɗabi'a kuma da ke sa sababbin amare kuka. In aka miƙa mata jariri, kafin ta sa suna sai ta zage shi tas. "Kai, wannan hanci kamar an taka tumatir. Wannan kunne ai faifai ne, a rufe tukunya da shi." Mutane suna cewa tana yi ne don kada baki ya kama yaro. Ni ma haka na ɗauka.

Sai nawa sunan. Innata ta binne biyu kafin ni. Da na iso, Iya ta ce sunana Ajuji, wato wadda aka yar a juji, sunan da mutanen dauri suke ba yaron da 'yan'uwansa suke ta komawa, wai a nuna ba a damu da shi ba. A lokacin Baffa ya dawo daga karatu a Kano, gemunsa bai kai gashi bakwai ba amma yana shafa shi kamar gonar gero. A nan aka yi rigimar da har yau ake ba da labarinta a gidanmu. Iya ta ba ni labarin ya fi sau ɗari, kuma kullum gemun Baffa raguwa yake yi.

Ya tsaya a ƙofar ɗaki ya ce, "Iya, don Allah ki yi haƙuri, wannan camfi ne. Mala'ikan mutuwa ba a yi masa wayo da suna."

Ta ce, "Wa ya ce maka wayo zan yi masa? Ni da ko mai gishiri ban iya yi wa wayo ba?"

"To, kuma an ce za ki ɗauki jaririya ki kwantar a kan juji."

"Haka uwata ta yi."

"Iya, juji fa. Ƙazanta ce, ga ƙuda. Wannan ko likita ba zai yarda ba, balle malami."

Iya ta ajiye sandarta. Sai ta ce, "Wannan ka yi gaskiya. Jujin na bar maka. Sunan kuwa ka bar mini. Ku je kai da ubanta ku yanka ragonku, ku sa mata na Larabawa mai daɗi, ni ba ruwana."

Haka aka rabu, kowa da rabin nasara. Ban kwanta a juji ba, amma juji ya kwanta a kaina. Baffa kuwa bai taɓa kira na Ajuji ba ko sau ɗaya. Shi kaɗai ne a gidan yake kira na da sunan yanka, kuma in ya kira sai na waiwaya in ga ko baƙuwa aka yi.

Da na shiga sakandare 'yan ajinmu suka gano sunan. Aka fara ce mini Bola, ana toshe hanci in na wuce. Na dawo gida ina huci, na jefar da jaka na ce, "Iya, kin cuce ni. Duk sunayen duniya ki rasa na ba ni sai wurin zuba shara?"

Tana ɓarar gyaɗa, ko kallo na ba ta yi ba. Ta ce, "Ke, mai bakin tsiya, a ina kika taɓa ganin kabewa ta fi girma?"

Na ce, "A juji."

"Ubanki da rani ina yake kai jaki ya ɗebo taki?"

"Juji."

"To, rufe mini baki. Abin da aka yar a can ba ya mutuwa, ƙiba yake yi. Dubi kumatunki."

Washegari na shiga aji na sanar da su cewa daga yau duk mai son magana da ni ya ce Hajiya Ajuji, kuma ya kawo taki. Tsokanar ta mutu a mako guda, don ba daɗi a tsokani wadda ta fi ka jin daɗin tsokanar.

Lokacin da Inna Ƙarama ta rasa jaririnta na biyu ne na ga wata Iyar da ban sani ba. Baffa ya riga ya ce ba ya son irin waɗannan sunaye a ɗakinsa, Iya kuma ba ta matsa ba. Wata maƙwabciya da ta zo gaisuwa ta karkata baki ta ce, "Ai da an bar Iya ta sa musu nata sunan, da ba a yi haka ba." Iya tana tuƙa tuwo. Ta zaro muciya da zafinta ta nuna mata ƙofa. "Fita mini daga gida. Na sa wa yara Ajuji sun mutu, na sa wa yara Bawa sun mutu. Suna ba ya ƙara wa mutum kwana. Kada ki sake ɗora wa ɗana abin da Allah Ya hukunta." Matar nan ta fita da gudu har ta bar takalmi ɗaya, kuma yana nan a bayan rumbu har yau, ba ta da ƙarfin halin zuwa ɗauka.

Daga ranar Iya ta kwashe tabarmarta ta koma ɗakin Inna Ƙarama na 'yan watanni. Ita take dafa mata ruwan wanka, ita take dama mata kunun kanwa, ta zauna a kanta sai ta shanye. Da wani cikin ya samu, ita ce mai tsare Baffa a zaure: "Yau ranar awo ce. Tayar da mashin ɗinka ka kai ta asibiti, ko in hau in kai ta da kaina." Ni kuwa da na ga an bar ni ni kaɗai a gado, na ce mata ta yi mini cin amana. Ta ce, "Ke ai ko kura ta ɗauke ki, da safe za ta dawo da ke ta ba da haƙuri."

A cikin kwanakin nan ne na tambaye ta, "Iya, in suna ba ya hana mutuwa, me ya sa kika sa mini nawa?"

Ta ce, "Ba don ke na sa ba. Don uwarki. Macen da ta binne biyu tsoron son na uku take yi. Tana ba shi nono, zuciyarta tana bakin ƙofa. Sai a ba ta sunan da za ta iya kira gabanta bai faɗi ba. Kafin ta farga ta saba."

Wannan magana ce ta dawo mini bayan rasuwarta. Ranar sadakar uku, mata na tsaka da rabon gumba, naƙuda ta kama Inna Ƙarama. Baffa ya kai ta asibiti, suka dawo da 'ya mace, lafiyayya, mai kuka kamar an kunna injin niƙa. Gida ya rasa yadda zai yi da fuskarsa, ga makoki ga barka.

Amma Inna Ƙarama ba ta kallon yarinyar. In za ta ba ta nono sai ta juya fuska bango. In tana kuka sai ta ce, "Ku ɗauki wannan." Wannan. Kamar tsintsiya. Gwaggo ta yi lallashi, Innata ta yi faɗa, duk a banza. Baffa yana shiga yana fita, ya rame a 'yan kwanaki, gemun nan da yanzu ya cika ya zama kamar ba nasa ba.

Ana gobe suna ta kira ni ɗakinta. Ta ce, "Ke kike kwana da ita. Don girman Allah, ba ta faɗa miki sunan da za ta sa ba?"

To, ni fa an san ni. Ni ce na taɓa gamsar da 'yan ajinmu cewa akuyarmu tana jin Fillanci. Da na ga dama da na ƙera suna nan take na ce wasiyya ce. Amma ba a yi wa Iya ƙarya tana ƙasa. Na ce, "Ba ta faɗa ba. Kin san ta, ba ta ɗinka riga sai ta ga baƙo."

Ta juya bango ta ce, "Shi ke nan."

Ranar suna ba kiɗa ba guɗa, saboda rasuwa. Da safe aka yi addu'a a ƙofar gida, aka yanka rago, Baffa ya mayar da sunan Iya. Kowa ya ji daɗi, amma sai ga wata matsala. Sunan Iya ba mai iya faɗarsa a gidanmu. Baba da Baffa da Gwaggo ba sa kama sunan uwarsu, surukai kuwa ko yarinyar maƙwabta ce mai irin sunan sai dai su ce "mai sunan Iya". Dole a nemi na kira, kuma mai ba da na kira tana maƙabarta.

Mata suka cika ɗakin mai jego, shawara ta fara yawo.

"A ce mata Ummi mana."

"Ko Mama."

"Hajiya Ƙarama ya fi daɗi."

Da na ji Ummi sai na ga ƙuli-ƙulin nan a sama. Ban san lokacin da na tsallake ƙafafun mata na isa bakin gado ba. Na ɗauki jaririyar, na zauna a ƙasa na miƙe ƙafa yadda Iya take yi, na buɗe zanen, na ƙare mata kallo. Sannan na gyara murya.

"Kai, jama'a! Wannan hanci ko gurasa? Wa ya zauna a kansa? Ga goshi kamar gaban motar ɗaukar gyaɗa. Ku dubi ƙafa, wannan ai ta kaza ce, a kai ta akurki."

Gwaggo ta zaro ido ta ce, "Ke Ajuji! Ba ki da kunya? A gaban manya?"

Ban kula ta ba. Na ce, "Kunnen kuwa, Gwaggo, irin naki ne sak. Allah Ya ba mijinta haƙuri."

Sai muka ji murya daga kan gado. "Me ya sami hancinta?"

Inna Ƙarama ce. Ta juyo daga bango, ta miƙo wuya tana leƙe. "Kawo ta nan in gani." Ta karɓe ta daga hannuna da ƙarfi, ta ɗaga ta wajen hasken taga, ta duba hancin, ta duba goshin, ta kama ƙafar tana juyawa. "Hancinta lafiya lau. Ya fi naki sau goma, mai hanci kamar murfin buta. Ƙafar kaza a gidan wa? Ku dubi yatsunta, don Allah, ku duba."

Tana faɗa tana dariya, hawaye na zuba a kan zanen yarinyar. A nan na gane abin da Iya take yi duk shekarun nan. Ba baki take kora ba. Uwa take tsokana, don ta kalli ɗanta ta tare masa.

Hayaniyar ta jawo Baffa, ya tsaya a bakin ƙofa, kamar yadda ya tsaya ranar da aka yi rigimar sunana. Inna Ƙarama ta dube ni ta ce, "To, tunda kin fara, ƙarasa."

Na dubi sama ta taga, na dubi gidan da ke cike da masu ta'aziyya, na tuna biyun da suka riga ta. Na dubi Baffa na ce, "Baffa, kwantar da hankalinka, ba zan ce Ajuji ba. Juji ɗaya ya ishi gida. Sunanta Abarta."

Tsohon suna ne, na 'ya'yan da aka sha rashi kafin su. Baffa ya shafa gemunsa. Ya ce, "Wa kike roƙo ya bar ta?"

Na ce, "Wanda Ya ba da ita."

Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago idonsa ya yi ja. Ya ce, "Wannan ai addu'a ce. Allah Ya bar mana ita." Ɗaki ya amsa da amin har sai da yarinyar ta firgita ta tsala kuka. Ya juya zai tafi, sai ya tsaya ya ce, "Ajuji, in kin gama zagin 'yata, zo ki karɓi naman ki kai wa maƙwabta."

Ajuji ya ce. Da bakinsa. Na kusa in nemi a ba ni shaidu.

Yanzu Abarta tana zama da kanta, ta yi haƙora, ta yi kumatun da suka kusa kamo nawa, kuma ba abin da take so kamar jan kunnena, ina jin ramuwa take yi. Uwarta tana kiran sunan tun daga madafa har a ji a zaure, ba tsoro ba rawar murya. Gwaggo in ta zo daga Kwanyawa ni nake tarbar ta da "Sannu da zuwa, Delu," ta bi ni da takalmi, amma na lura tana yawan zuwa. Kwanan baya ma aka aiko daga gidan maƙwabciyar nan mai takalmi ɗaya, wai surukarta ta haihu, in zo in duba. Na ɗaura ɗankwalin Iya, na tafi. Namiji ne bayan mata huɗu, aikin bai yi wuya ba. Hancinsa ne dai ya sha.

Allah Ya jiƙan Iya, Ya yafe mata, Ya yalwata mata makwanci, Ya saka mata da alheri a kan kowace uwa da ta sa ta juyo daga bango. Ranar da za a tashi kowa a kira shi da sunansa, Allah Ya sa a kira ta da mafi daɗin kira, ta amsa tana murmushi. Amin.